Daga Jega zuwa Wusasa: Kwanakin Ganin Cocin Tubali

Asabar

Ɗan ƙanwata da ke karatun zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello ya daɗe yana yi mini naci in zo in ga ginin da yake rubuta kundinsa a kai. Ginin kuwa tsohon coci ne, na St. Bartholomew da ke Wusasa, bayan ganuwar Zariya. Ya san ni da son tsofaffin soraye, shi ya sa duk wayar da muka yi sai ya ce, "Kawu, da tubali da azara aka yi shi, kuma har yau yana tsaye. Ka zo ka gani da idonka."

Mun bar tashar Jega bayan sallar asuba, hazo ya lulluɓe gulbi, sanyin hunturu yana ratsa bargo. Muka bi ta Tambuwal da Shagari zuwa Sakkwato, muka karkata gabas ta Talatar Mafara da Gusau. Direba bai yarda mun daɗe wurin cin abinci ba, don kowa ya san hanyar Tsafe zuwa Funtuwa ba a yi mata yamma a wannan zamani. Allah ya kiyaye, muka wuce Giwa da Shika, ana kiran magariba muna sauka Samaru.

Duk garin da muka ratsa, abu ɗaya nake gani ta tagar mota. Jar katanga tana can cikin tsohuwar unguwa, ta zaizaye, bulo da kwano kuwa sun mamaye bakin titi.

Lahadi

Yau ranar sujadarsu ce, saboda haka muka yanke shawarar ba za mu shiga ba, sai dai mu kewaya mu ga gari. Wusasa tana yamma da birnin Zazzau, kusa da dutsen Kufena, wanda tun kafin a gina ganuwar Zariya ta yanzu mutane ke zaune a gindinsa. Asibitin St. Luke yana nan, da makarantu, da maƙabartar mishan.

Muna tsaye a inuwa aka tashi daga coci. Dattawa suka fito da manyan riguna da huluna, mata da ɗaurin ɗankwali da mayafi, ana ta "ina wuni, ina gajiya, yaya iyali". Wanda ya taso a Jega ya saba ganin Kirista a matsayin baƙon da fatauci ko aikin gwamnati ya kawo, ko ɗan'uwa daga ƙasar Zuru da Yawuri. A nan kuwa Hausawa ne da Fulani 'yan asalin ƙasa, kakanninsu a nan aka binne su, addu'arsu da waƙoƙinsu duk da Hausa. Ɗan ƙanwata ya ce akwai gidaje da dama da za ka tarar wa yana zuwa masallaci, ƙane yana zuwa coci, in biki ko rasuwa ta zo kuma a zauna tabarma ɗaya.

Daga nesa na hango tsohon ginin. Wanda bai sani ba zai ɗauka fadar wani hakimi ce: bango mai kauri daga ƙasa yana sirancewa zuwa sama, kusurwoyi a lanƙwashe babu kaifi, komai nasa aikin hannun maginin Zazzau. Na ƙagara gari ya waye.

Litinin

Mai kula da wurin, wani dattijo mai fara'a, ya tarbe mu da hantsi. Na gaishe shi, na ce daga Jega nake. Ya ce, "Malam, ka sha hanya. Bismillah, shigo." Da na tsallake ƙofa abin da ya fara taɓa ni shi ne sanyi. A waje rana ta fara zafi, ciki kuwa lumus, babu fanka da ke juyawa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya kwana a soro: bangon ƙasa mai kauri yana shanye zafin yini a hankali, kafin ya ratso ciki rana ta faɗi, da dare kuma ya sako ɗumin lokacin da ake bukatarsa.

Sai na ɗaga kai. Bakan gizo ne a jere, ɗaya bayan ɗaya, suna tasowa daga jikin bango suna haɗuwa a sama, suna jan ido daga ƙofa har zuwa wurin bagade. Ɗan ƙanwata ya buɗe littafin zanensa ya nuna mini yadda abin yake a cikin yaɓe. Azara, wato tsagin giginya, ita ce ƙashin ginin. Gara ba ta cika cin ta ba, musamman ta namijin giginya da ya tsufa, amma tana da iyaka: in aka shimfiɗa ta ita kaɗai aka ɗora mata nauyin ƙasa, ba ta iya tsallake abin da ya wuce kamar mita 2. Ɗaki mai faɗin da zai ɗauki taro kuwa ya ninka haka. Dabarar da magina suka gano ita ce a kafa azara a jikin bango ta ɗan sunkuyo ciki, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta bushe. Sai a ɗora wata a kanta ta ƙara miƙowa, haka daga wancan gefen ma, hawa-hawa, har hannayen biyu su gamu a tsakiya. Daga nan a jera gajerun azara tsakanin baka da baka, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa a daɓe.

Bangon kansa da tubali aka tayar da shi, irin namu mai faɗin gindi da tsinin kai, wanda ake murzawa da hannu daga ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa aka bar ta ta ruɓa, a shanya a rana. Ana jera shi a tsaye, tsini sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Babu ƙarfe, babu injin da ya taɓa shi.

Na zauna a benci na daɗe ina kallo. Tsarin ɗakin na coci ne: doguwar farfajiya, jama'a na fuskantar gaba, hanya a tsakiya. Amma hannun da ya yi aikin hannun da na sani ne, irin wanda ya gina zaurukan kakanninmu. Baƙo ya zo da bukatarsa, ya tambayi ɗan gari yadda ake rufe ɗaki mai faɗi a wannan ƙasa, ɗan gari ya nuna masa, shi kuma ya yarda.

Talata

Yau tarihi na nema. Dattijon jiya ya kai mu wurin wani tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, muka zauna a ƙofar gidansa, ɗan ƙanwata yana kiransa Baba yana rubutawa.

Labarin ya faro ne daga ƙungiyar mishan ta Angilikan da ake kira CMS. A 1900 Bishop Tugwell ya jagoranci wata ƙaramar tawaga daga Ikko har Kano, cikinsu da wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya fara koyon Hausa a Tarabulus wurin fatake da alhazai. Sarkin Kano Aliyu Babba bai karɓe su ba, ya ce su fita masa daga gari. Suka komo kudu suka yada zango a Girku, cikin ƙasar Zazzau. A 1905 Miller, wanda mutane suka laƙaba wa Likita Mila, ya samu shiga cikin birnin Zariya, ya zauna a Durumin Maigarke, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Zamansa da Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi bai yi daɗi ba, kuma Turawan mulki kansu ba su saki jiki da shi ba, don sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa musu addini ba.

Baba ya kawo zancen Isawa, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda yadda yake ɗaukaka Annabi Isa a wa'azinsa. Zuriyar mabiyansa sun watsu, daga baya wasunsu suka haɗu da mishan, aka kafa musu mazauni a Gimi. Ciwon barci ya auka wa garin ya yi ɓarna mai yawa, waɗanda suka tsira suka koma Zariya.

A 1929, zamanin Sarki Ibrahim ɗan Kwasau, aka fitar da mishan daga cikin ganuwa zuwa Wusasa. Rabaran Guy Bullen ne ya tsaya kan ƙaurar da gine-ginen sabon wuri, cikinsu har da wannan coci. Shi Bullen daga baya an naɗa shi bishop a Sudan, inda ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1937. Likita Mila kuwa bai so ƙaurar ba, ya tafi Kano ya duƙufa kan fassara, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ya rasu a 1952.

Wusasa ƙaramin gari ne, amma dubi waɗanda suka fito daga makarantun wannan mishan. Dakta R.A.B. Dikko, likitan zamani na farko ɗan Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Farfesa Ishaya Audu, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ɗan zuriyar Isawa. John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Sai Janar Yakubu Gowon, wanda mahaifinsa mai wa'azi ne a nan, ya yi ƙuruciyarsa da firamare a Wusasa kafin ya shugabanci Najeriya daga 1966 zuwa 1975. A 1997 Wusasa ta zama dayosis mai cin gashin kanta, Ali Buba Lamido ya zama bishop na farko.

Da za mu tashi Baba ya ce, "Ɗana, rikicin addini na 1987 ya iso har Zariya, an ƙona wuraren ibada, mun ga tashin hankali. Amma ka ga ni, ka ga maƙwabcina liman, rijiya ɗaya muke ɗiba." Na ce Allah ya ƙara mana zaman lafiya, ya ce amin.

Laraba

Ban fita ba, gajiya ta sauko. Muka wuni a ɗaki ɗan ƙanwata yana karanta mini babin da ya kwatanta Wusasa da Kalaba, kuma a nan ne na ƙara fahimtar girman abin da na gani.

A Kalaba cocin Firesbiteriyan ne ya fara kafuwa. Hope Waddell ya sauka can a 1846 tare da abokan aiki daga Jamaika, da goyon bayan coci-cocin Sikotilan, suka kafa tashoshi a Duke Town da Creek Town. Mary Slessor ta biyo baya a 1876, ta zauna a ƙasar har rasuwarta a 1915. Su 'yan Firesbiteriyan tsarinsu dattawan da jama'a ta zaɓa ke riƙe da coci, babu bishop, kuma wa'azi ne ginshiƙin sujadarsu, shi ya sa a al'adar gininsu mumbari ke ɗaukar ido, ado kuwa kaɗan. Da aka tashi gina makarantar Hope Waddell, wadda aka buɗe a 1895, a Gilasgo aka yanka katako da kwano, aka loda a jirgin ruwa, aka zo Kalaba aka harhaɗa.

Ba laifinsu nake gani ba. Kalaba bakin teku ce, jirgi yana zuwa har ƙofa, ruwan sama kuwa kusan duk shekara, rufin ƙasa irin namu ba zai jure ba. Kowace ƙasa da abin da ya karɓe ta. Abin lura shi ne, a 1929 jirgin ƙasa ya daɗe da isowa Zariya, tun kafin ya kai Kano a 1911. Da mutanen Wusasa sun so kwano da siminti, da an sauke musu a tasha. Suka zaɓi ƙasar da suke takawa da maginan da ke kusa da su, don ta fi araha, ta fi sanyi, kuma mai shiga ba zai ji ya bar gida ba. Wannan zaɓi ne na hankali, kuma shekaru sun gaskata shi.

Alhamis

Mun koma Wusasa don duba bayan ginin. A nan ne ake gane lafiyar soro: gindin bango inda ruwa ke fantsama, da bakin indararo, da duk inda tsaga ta fara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwan sama ma haka. Ginin ƙasa ba ya faɗuwa dare ɗaya. Indararo ne zai toshe a bar shi, ruwa ya kwanta a rufi, ya jiƙa kan azara, bayan damina biyu ko uku a ce ƙasa ba ta da ƙarko.

Da yamma muka shiga birni wurin wani tsohon magini da ɗan ƙanwata ya saba ɗaukar karatu a wurinsa. Na tambaye shi sirrin yaɓen da. Ya ce, "Alhaji, babu sirri, kayan ne suka ɓace." Ya lissafa mini. Makuba daga kwasfar ɗorawa ake samunta, a jiƙa a gauraya da ƙasa, ta hana ruwa ratsawa. Laso kuwa, wanda ya fi kowane ƙarfi, haɗin abu uku ne: katsi daga gindin rijiyar marina, gashin da majema ke kankarewa daga fata, da ruwan dafara mai yauƙi. Ya ce yau marina nawa suka rage da za su ba ka katsi? Ɗorawa ana sarewa ana gawayi, giginyar da ta isa azara sai an yi tafiya mai nisa, ga tsada.

Na ce to me ya sa ba za a shafe da siminti a huta ba? Ya girgiza kai. Siminti da ƙasa ba sa riƙe juna. Ƙasa tana shan laima tana fitarwa, siminti kuwa yana kulle ta a ciki. Daga waje ka ga bango sumul, ciki kuwa ya zama gari, ranar da ɓawon zai ɓalle sai ya taho da rabin katanga. Ya ce, "Ginin ƙasa mai gida yake so. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka ka hau ka duba, ka toshe, ka yaɓe. In ka yi haka jikanka zai gada."

Wannan ita ce amsar tambayar da na zo da ita, ta yadda ginin ya daɗe yana tsaye. Cocin Wusasa ya kusa cika shekara 100 ne saboda bai taɓa rasa masu hawa su duba ba.

Juma'a

Na yi sallar Juma'a a babban masallacin Zariya, gaban fadar Sarki. Bayan an watse muka nemi izini muka ga tsohon ginin da ke ciki a lokacin. Muhammadu Durugu, wanda ake kira Babban Gwani, shi ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. A shekarun 1970 aka kewaye shi da sabon gini na kankare. Ginshiƙai masu kauri, bakan gizo suna ratsa juna a ƙarƙashin tulluwa, zane a jikin ƙasa mai zurfi da kwarjini. Har yau akwai unguwa a Zariya da ke ɗauke da sunan Babban Gwani.

Da na tsaya a ƙarƙashinsu sai na ga asalin abin da na gani ran Litinin. Kusan shekara 90 ke tsakanin masallacin da cocin, addini daban, masu sa aiki daban, amma makarantar gini ɗaya ce. Ni Musulmi ne, a masallacin nan na yi sujada, kuma ban ga abin da ya rage mini ba don na yaba aikin da maginan ƙasata suka yi wa maƙwabtanmu. Sana'ar ta Hausawa ce gaba ɗaya, duk inda ta tsira riba ce gare mu duka.

Ɗan ƙanwata ya ce wani masani ɗan ƙasar Foland, Farfesa Dmochowski, ya shafe shekaru yana auna irin waɗannan gine-gine yana zanawa, kuma a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos an sake gina kwafin wannan masallaci. Ya ƙara da cewa a Yama, cikin jihar Tawa ta Nijar, wani magini Falke Barmu ya fara gina masallacin ƙasa a 1962, ginin ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Ashe sana'ar ba ta tsufa ba, mu ne muka juya mata baya.

Asabar

Hanya tun asuba. Mun iso Jega bayan la'asar lafiya. Alhamdu lillahi.

Lahadi

Da safe na zaga cikin unguwar Jega Magaji da ƙafa. Garin Jega Buhari ɗan Abdussalami ya kafa shi wajen 1820, kasuwarsa ta yi suna tun zamanin fataken goro da gishiri, kuma attajiran da suka ci wannan kasuwa sun gina zauruka da soraye. Kaɗan suka rage. Wasu an rushe an yi shaguna, wasu an bar su ruwa yana ci. Haka abin yake a tsofaffin unguwannin Aliero da Maiyama. Kuɗin albasa da shinkafa sun shigo, abin farin ciki ne, amma duk wanda ya samu sai ya fara da rushe zauren ubansa, ya koma ɗakin kwanon da ba a iya zama cikinsa a watan Afrilu sai da wuta, wutar da ba kullum ake samu ba.

Na sami wani dattijon magini a unguwarmu wanda rabonsa da ɗaure bakan gizo ya manta. Na ce, "Baba, in aka kawo maka yara za ka koya musu?" Ya ce, "A kawo su tun ina iya hawa tsani."

Ba cewa nake kowa ya bar bulo ba. Kirana uku ne. Ga masu riƙe da sarautun Jega da Aliero da Maiyama, Allah ya ja zamaninku, a sa a ƙidaya tsofaffin zauruka da masallatan ƙasa da suka rage, a hana rushe su ba tare da shawara ba. Ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, a ɗauko tsofaffin maginan nan a haɗa su da ɗalibai, a auna, a zana, a rubuta haɗin makuba da laso tun masu shi suna raye, a kuma dasa giginya da ɗorawa. Ga kai mai karatu da ke da soro a gidanku, da rani ƙasa tana bushewa da wuri. Nemo magini, ku hau ku share indararo, ku toshe tsaga, ku yaɓe kafin ruwan farko ya sauka.